Kwanon da Ya Koma a Rufe

Ƙanena Ekow ya sasanta ƙasashen da suka ja daga, ya tsaya gaban alƙalai ya wanke mutanen da ni kaina na san su suka ci akuyar, amma fiye da shekara ashirin ya kasa sa matarsa ta dafa masa ko ruwan zafi. Idan mutanen Akra suka zo Anomabo suna rusunawa suna ce masa "Ranka ya daɗe, Jakada," ni dariya nake yi a ciki. Ni na goya shi. Na san lokacin da ya daina fitsarin kwance, kuma ba da wuri ba ne.

A garinmu miji yana gidan ubansa, mace tana gidan uwarta, kwano ne ke haɗa su. Da rana ta yi sanyi za ka ga yara sun fito ta kowane lungu da kwanuka a ka, an lulluɓe da farin ƙyalle, kowa ya nufi gidan ubansa. Mu mata masu gasa kifi a bakin hanya ba ma bukatar a ba mu labarin auren kowa. Muna ganin kwanon da ya wuce da nauyi ya dawo wayam, mun san gidan lafiya.

Kwanon Maanan ya fi na kowa suna. Ita Ekow ya aura tun kafin ya tafi Landan karatun lauya, lokacin ba shi da komai sai dogon wuya da surutu. Da ya dawo da rigar lauya da farin gashin nan da suke kifawa a ka, ya yi ya yi ta bi shi Akra, ta je ta yi ɗan zama ta dawo, ta ce garin da ake sayar wa mutum kifin jiya ba wurin zama ba ne. Bai matsa mata ba. Duk ƙarshen mako yana gida, duk yamma kwanonta na zuwa: dokunu, tuwon masararmu, mai zafi a ganyen ayaba, da miyar ɗanyen kifi da manja wadda ƙamshinta kan riga ɗan aike isa. Ko lokacin da sojoji suka karɓi mulki suka kwashe 'yan majalisa, har da shi, suka kulle, Maanan ba ta fasa ba. Motar haya take shiga da kwanon a cinya, ta tsaya a ƙofar gidan yari cikin rana, masu gadi su cakuɗa miyar da tsinke suna neman abin da ba su ajiye ba, ita dai ba ta tafiya sai an miƙo mata kwanonta wayam.

Abin ya faru ne bayan an koma mulkin farar hula, Ekow ya sake neman kujerarsa. A shekarar wani ɗan takara a wata mazaɓa ya ci abinci wurin taro ya kwanta bai tashi ba, aka yi ta raɗe-raɗin guba. Sai jam'iyya ta turo wa Ekow wasu ƙarti daga Akra suka tsare ƙofar gidan babanmu, da umarnin kada abincin waje ya shiga. Abincin waje! Ran nan da yamma 'yarsu Ewurabena, tana 'yar shekara goma ko kusa da haka, ta zo da kwanon a kanta kamar kullum. Suka tare ta. Ta ce na babanta ne, suka ce Onarabul ba ya cin abin da ba a san hannun da ya dafa ba. Yarinya ta yi ta kiran "Baba! Baba!" daga bakin ƙofa.

Yana ciki. Yana zaune da manyan jam'iyya, tagar kuma a buɗe take. Ya ji ta, ya ce a ransa bari baƙi su tashi ya gyara. Kwanon ya koma ta tsakiyar gari da nauyinsa, ƙyallen ko motsa shi ba a yi ba, yarinya na tafe tana kuka, mu duka muna kallo. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi zafi. Matar da ta ciyar da shi a kurkuku, yau ita ce hannun da ba a sani ba.

Maanan ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta sauke wa yarinyar kwanon, ta juye wa almajiran kafinta na maƙwabta abincin, ta wanke shi ta kife a saman kabad. Washegari ba a ga kwano ba. Jibi ma haka.

Shi kuwa gogan naka ya ɗauki abin kamar shari'a. Ya fara aika dattawan danginmu da kwalaben giyar da ake zuwa biko da su. Maanan ta ba su kujera, ta ba su ruwa, ta saurare su har suka gama, ta ce, "Na ji, na yafe." Kwano bai zo ba. Ya aika limamin cocinmu da rago da turamen zane. Ta yi godiya, ta raba naman, ta ɗinka zanen ta sa ranar Lahadi, ta ce ai ta riga ta yafe. Kwano bai zo ba. Ya ci zaɓe, ya yi minista, aka naɗa shi jakada, ya yi wannan ƙasa ya yi waccan, duk zuwan da zai yi hutu sai an shirya sabuwar tawaga da sabon mai iya magana. Aure dai bai mutu ba. Suna gaisawa, suna zama kujera ɗaya a coci, in an yi rasuwa tare ake ganinsu. Bai kula wata ba, ita ma ba ta taɓa bari a zage shi a gabanta ba. Tukunyarta ce kawai ta daina saninsa, ciyar da shi ya dawo kaina, kuma ban taɓa jin ya yaba ba.

Da ya yi ritaya ya dawo gidan babanmu gaba ɗaya, da akwatunan littattafai da ciwon zuciya. Bara ciwon ya kayar da shi a banɗaki. Ewurabena, wadda yanzu likita ce a Toronto, ta zo a gigice, ta duba shi, ta duba magungunan da yake sha da waɗanda yake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi, ta yanke hukunci: za ta tafi da shi can, kusa da ita. Ba ta ɓoye mana ba cewa tafiyar ba lalle ta zama mai dawowa ba.

Ina tsince masa ƙayar kifi da rana ya ture farantin ya ce, "Yaya Araba, ba zan hau jirgin nan ban ci abincin Maanan ba."

Na ce, "To ka aika Majalisar Ɗinkin Duniya mana. Su kaɗai suka rage."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Wa ya rage a garin nan da ba ka aika ba? Sai dai mahaukacin bakin kasuwa, shi ma don ba shi da kwat ne."

Ya shiga murza zoben hannunsa. Da na dube shi sosai sai na ga yadda wuyan nan ya koma irin na yarinta, dogo, siriri, rigar ta yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba, don in ka nuna wa Ekow tausayi sai ya mai da shi jawabi.

Can ya ce, "Koya mini miyar."

"Wace miyar?"

"Irin tata. Ni zan dafa, ni zan kai mata da hannuna. Ranar Talata."

Na ajiye wuƙar. Talata ba a shiga teku. Duk mazan garin suna zaune a gindin kwakwa suna ɗinkin taru, duk matan suna ƙofar gida. Na ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa? In ta mayar da kai da shi a rufe fa?"

Ya ce, "Ai shi ya sa na ce Talata. A gaban mutane aka yi mata, ya kamata ita ma ta samu mutanen da za ta yi mini a gabansu."

A duk jawaban da na ji ƙanena ya yi, a rediyo da a fili, wannan ne na farko da ya shige ni.

Ranar Talata tun da hantsi muka shiga madafa. Na ce ba zan taɓa ko cokali ba, baki kawai zan sa, kuma na sa shi yadda ya kamata. Mutumin da ya ci abinci da sarakunan Turawa bai san ta inda ake fara fere albasa ba. Ya zauna a kan 'yar kujera da tabarau a karan hanci yana niƙa tattasai a kasko kamar mai tsoron ya ji masa ciwo.

Na ce, "Danna mana! Ba hannu za ka sa a yarjejeniya ba."

"Yaya, idona."

"Idonka ya gode wa Allah, yau ya ga aiki."

Manjan ya ƙone, muka zubar muka sake. Ya hana kifin zama lafiya a tukunya, yana ta juya shi har ya farfashe. Gishiri kuwa ina juya baya ya ƙara, wai a ganinsa bai ji ba. Ewurabena ta leƙo ta ga ubanta cikin hayaƙi yana tari, ta ce, "Gwaggo, kashe shi za ki yi? Mutumin da na ce ko matakala kada ya hau?"

Na ce, "Ni ban aike shi ba. Tambaye shi."

Ya gaya mata. Ta tsaya riƙe da ƙofa, sai na ga idonta ya ciko. Ita ce fa ta ɗauki wancan kwanon. Da ta buɗe baki sai ta ce, "To a mota za ka je."

Ya ce, "Ke a mota kika koma?"

Da la'asar ya yi wanka, ya yafa zanensa na fita a kafaɗa, ya sa takalman gargajiya. Muka zuba miyar, muka jera dokunun da na yarda aka saya, don ko ni ba zan bari a kai wa mutum dokunun Ekow ba. Ya ce a ɗora masa a ka. Na ce wuyan nan ba zai ɗauka ba, ya rungume a ƙirji dai. Haka ya fita, ni da Ewurabena muna binsa a baya, ita da jakar magani.

Daga gidan babanmu zuwa gidan su Maanan ba nisa, amma ranar hanyar ta yi tsawo. Masu ɗinkin taru suka saki allura. Wani tsohon abokin wasansa, Egya Bentum, ya ɗaga murya daga gindin kwakwa: "Jakada! Wace ƙasa aka tura ka yau?"

Ekow ya ce, "Wadda ta fi ƙarfina."

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Manyan da ke wurin sun tuna, yaran kuma iyayensu mata suka ja su gefe suna raɗa musu. Ekow ya tsaya ya huta a jikin katangar coci, numfashinsa na fita da ƙyar, Ewurabena ta matsa za ta karɓa ya girgiza kai. Kafin mu isa, rabin unguwa na biye da mu daga nesa-nesa, kowa na yi kamar wani abu ya fito da shi.

Maanan na zaune a tsakar gida tana tsince wake a tire. Labari ya riga mu, na sani, don ta sake ɗaurin ɗankwali. Ekow ya tsaya a bakin ƙofa, ya zare ƙafarsa daga takalmi, ya sauke zanen daga kafaɗa zuwa ƙugu yadda ake yi a gaban sarki. Ƙasusuwan ƙirjinsa duk a waje. Ta dube shi, ta kau da kai da sauri.

Ta sa aka kawo kujeru. Ta ba mu ruwa, muka sha. Sannan ta gyara zama ta ce, kamar ba ta taɓa ganinmu ba, "Nan dai lafiya lau. Ku ne kuke tafe."

Na ga ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa, na ce a raina shi ke nan, jawabi ya zo, mun shiga uku. Sai yatsan ya sauka. Ya tura kwanon gabanta ya ce, "Abinci na kawo miki. Ni na dafa."

Ta ɗaga ƙyallen, ta buɗe murfin. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki.

"Lauya, wannan kifin me ya yi maka?"

"Juya shi na yi."

"Da taɓarya?"

Ta wanke hannu, ta gutsuri dokunu, ta dangwala, ta kai baki. Duk gidan aka yi tsit, har waɗanda ke leƙe ta katanga. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta kurɓi ruwa, ta sake kurɓa. Ta ce, "Yaya Araba, kina wurin aka juye teku a tukunya?"

Na ce, "Juya baya kawai na yi."

Ta mayar da murfin ta rufe. Ta ja ƙyallen ta lulluɓe yadda yake. Ekow ya dubi kwanon, ya gyaɗa kai kamar wanda aka karanta wa hukuncin da ya san ya cancanta, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya sunkuya zai ɗauka.

Ta dafe murfin da tafinta. "Ina za ka da shi?"

"Gida. Ta hanyar da na zo."

"Zauna. Ni uwata ba ta koya mini mayar da kwano a rufe ba. Rufewa na yi kada ƙuda ya faɗa, shi ma ya mutu da gishiri."

Ya zauna. Ta juya tana fuskantarsa sosai, muryarta ta yi ƙasa, amma kowa na ji.

"Ka aiko mini dattawa. Ka aiko mini limami. Ka aiko mini wani mai gemu daga Kumasi da ya yi ta karin magana har wakena ya ƙone. Kowa ya zo sai ya ce Onarabul ya yi nadama, Jakada na neman afuwa. Na ce na yafe, kuma ba ƙarya na yi ba, tun a makon na yafe. Kai ma tsoro ne ya kama ka, na sani, ka ga kurkuku ka ga mutuwa. Amma ni ba kotu ba ce da za a zo a karɓi afuwa a tafi. Ni girki na iya. An ce mini ba ka cin abin hannuna. To wa ya taɓa zuwa ya ce mini kana so? Shekara nawa ina jira, ko sau ɗaya, kai da bakinka ko ɗan aikenka, ba wanda ya ce mini kana jin yunwa."

Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni, don ni ma cikin 'yan aiken nake, kuma ban taɓa faɗa ba. Kullum ce mata nake, "Kada ki damu, ina ciyar da shi."

Ekow ya sunkuyar da kai. Mutumin da ba a taɓa ƙure shi a majalisa ba. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabaran, bai share ba.

Ya ce, "Maanan, ina jin yunwa."

Ta ce, "Ban ji ba."

"Ina jin yunwa. Tun ranar nake jin yunwa."

Ta ci gaba da kallonsa. Sai ta miƙa hannu ta ja zanensa daga ƙugu ta mayar masa a kafaɗa, ta gyara shi, ta ce, "Rufe ƙasusuwan nan, kada a ce ni na yi maka haka." Ta miƙe, ta ɗaure zanenta tamau, ta ture tiren waken da ƙafa.

Ewurabena na share fuska ta ce, "Maame, ban da gishiri da yawa, ban da manja, zuciyarsa..."

"Ke rufe mini baki. Na san zuciyarsa tun ba a haife ki ba. Hau kujera ki sauko mini da kwanon can na saman kabad, ki wanke shi da kyau. Jirginki kuma ya jira, ba a tafiya da mutum da yunwa."

Ta nufi madafa, ta tsaya a bakin ƙofa ta waiwayo ta harare ni.

"Yaya Araba, kuka kika zo yi ko me? Taso ki hura mini wuta."